Dawowata Harkar Zuba Jari Bayan Zama a Sashen Kuɗin Masana'anta

Akwai ayyuka biyu da jama'a ke ɗauka abu ɗaya ne, tunda a cikin kowannensu lissafin kuɗi ake yi, amma wanda ya taɓa su duka ya san akwai tazara a tsakaninsu. Mai kula da jarin mutane a wajen kamfani yake tsaye, yana nazarin takardunsa domin ya yanke shawara ko ya dace a sa dukiyar jama'a a ciki ko bai dace ba. Shi kuwa ma'aikacin sashen kuɗi a cikin kamfanin yake tsundum, shi ne mai nemo kuɗin sayen kaya da biyan albashi da sauke bashin banki, kuma da hannunsa ake rubuta takardun nan da na wajen yake karantawa. Da aikin farko na soma, na bar shi na koma na biyu na jima, yanzu kuma na dawo inda na fito. Tun da na dawo 'yan uwa da abokai suke tambayata dalilin da zai sa mutum ya bar kujera mai tsayayyen albashi ya koma sana'ar da Kanawa da yawa har yau ba su yafe mata ba, kuma ina ganin tambayar ta cancanci cikakkiyar amsa.

Na shiga dillancin hannun jari a lokacin da kasuwar ke tashenta. A 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Charles Soludo, ya wajabta wa kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, kuma kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun dunƙule sun koma 25. Domin cika wannan sharaɗi, da kuma gasar girma da ta biyo baya, bankuna suka riƙa sayar wa jama'a hannayen jari babu ƙaƙƙautawa. Reshen kasuwar hannun jari na Kano, wanda aka buɗe tun 1989 kuma ya daɗe ba kowa ya san da zamansa ba, sai ga shi ya zama wurin zuwan 'yan Kwari da 'yan Singa da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati. Na ga matan aure da suka sayar da sarƙa da 'yan kunne suka kawo kuɗin, na kuma ga waɗanda banki ya ba su rance domin su sayi hannun jarin banki. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, bayan shekara guda kuwa ya gangaro zuwa wajen 20,000. A watan Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka kafa hukumar AMCON a 2010 domin ta kwashi basussukan da suka lalace, a 2011 kuma aka karɓe wasu bankuna uku, masu hannun jari a cikinsu suka tashi a tutar babu.

Shekarun da suka biyo baya masu sanyi ne ga duk wanda ke wannan sana'a a Arewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, saboda haka ko ka zo wa ɗan kasuwa da kamfanin da ya fi kowane nagarta, abin da zai fara tuna maka shi ne takardun da ke jibge a durowarsa ba su da daraja. Ana cikin haka tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi a 2016. Tun a 2015 Babban Banki ya hana kayayyaki 41 samun dala a farashin gwamnati, a watan Yunin 2016 kuma aka saki naira ta faɗi daga 197 zuwa sama da 280 a kan dala ɗaya. Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai suka shiga neman wanda ya iya magana da bankuna da yarensu. Ta wannan ƙofa wani dattijo mai kamfanin sarrafa man girki da abincin kaji ya neme ni in riƙe masa sashen kuɗi. Na amsa saboda ina da iyali, albashin kuma tsayayye ne, sannan akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: na shafe shekaru ina ba mutane shawara a kan kamfanoni alhali ban taɓa zama a cikin ko ɗaya na ga yadda kuɗi ke shiga da fita ba.

Darasin farko da masana'anta ta koya mini a Dawanau na koye shi. Waken soya da kaka ake sayensa, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ya fi araha, kuma kamfanin da ke son injinsa ya yi aiki har damina ta zagayo dole ya sayi na watanni masu yawa a cikin wannan ɗan tsakani. Mota takan shigo harabar kamfani a ɗora ta a sikeli, yaro ya soka tsinken awo a buhu ya zaro ƙwayoyi, a gwada danshi, a duba tsakuwa da ƙaiƙayi, a rage abin da za a rage, dillali yana tsaye yana rantsuwa cewa kayansa a bushe suke ƙayau. Kafin motar ta gama saukewa wayata ta fara ƙara, domin mai kaya ba ya kwana bai ji alat ba. Kuɗin kuwa yawanci na banki ne. Idan ka ranci naira biliyan 1 a kan kuɗin ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara, to kowane wata naira miliyan 25 ke hawa kanka, ko injin ya juya ko bai juya ba, kuma buhunan nan da ke sito kullum ta Allah ƙara tsada suke yi maka, ban da abin da ɓera da gumi ke ci. A rahoton shekara, duk wannan layi ɗaya ne da ake kira kayan da ke ajiye. Sai da na tsaya a bakin sito na gane irin nauyin da ke ƙarƙashin wannan layi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai diloli. Babban dila a kasuwar Singa ba ya biyan kaya a ranar da ya ɗauka, sai ya sayar, shi ma kuma yana bin na ƙasa da shi waɗanda suka kai kayan Gaidam ko Maraɗi. A littafin akanta, ranar da tirela ta fita ƙofa an yi ciniki, an ci riba. A asusun banki kuwa babu abin da ya shigo, ga albashi ya gabato, ga mai dizal yana jira, ga banki ya cire nasa tun kafin gari ya waye. Mai kamfanin, wanda bai yi karatun boko mai nisa ba amma ya fi mutane da yawa da na sani fahimtar kuɗi, shi ya daidaita mini tunani a kan wannan. Wata rana na kai masa rahoton wata mai shafuka da yawa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi, ribar wannan wata ta fi ta watan jiya." Ya ɗora hannu a kan takardun bai buɗe ba, ya ce, "Malam, Allah ya yi albarka, amma faɗa mini abu uku: nawa ne a banki yau, nawa ne namu a hannun mutane, nawa kuma ake binmu?" Daga ranar waɗannan tambayoyi uku suka koma shafin farko na duk rahoton da na kai masa, kuma na lura cewa abin da masana ke rubuta littattafai a kansa game da zirga-zirgar tsabar kuɗi a kamfani bai wuce faɗaɗa su ba.

Shekarar 2023 ita ta gwada kowa. A farkonta aka yi ƙarancin takardun naira saboda sauya fasalin kuɗi, wanda ya tsayar da ciniki a kasuwannin ƙauye inda ake sayen amfanin gona. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Banki ya haɗe farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 750, kafin Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Kamfanin da ake bi dala miliyan 1 na kayan gyaran inji ko sinadaran tace mai ya kwanta da bashin naira miliyan 460, bayan 'yan watanni ya tarar da naira biliyan ɗaya da rabi a wuyansa, ba tare da ya ƙara karɓar ko ƙusa ba. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin ƙarshen shekarar kuma Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5. A irin wannan yanayi aikin sashen kuɗi yakan koma kashe gobara: yau a roƙi banki ya ƙara wa'adi, gobe a lallashi mai kaya ya karɓi rabi, jibi a sake lissafin farashin jarka domin na makon jiya ya riga ya zama asara. Kamfanin ya tsallake, cikin ikon Allah, kuma ina alfahari da gudummawar da na bayar.

To me ya sa na bari? Dalili na farko ya shafi ɗabi'ar aikin. Ma'aikacin sashen kuɗi kamfani ɗaya ya sani, ya san shi ciki da bai, amma hangensa bai cika wuce watanni uku masu zuwa ba, kuma shawara ta ƙarshe ta mai dukiya ce, haka kuma ya kamata. Ni kuwa abin da raina ya fi kwanciya da shi tun asali shi ne jera kamfanoni da yawa in auna su, in tambayi wanne ne zai rayu shekaru goma, wanne ne farashinsa bai kai darajarsa ba.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Zaman da na yi ya haɗa ni da 'yan kasuwa fiye da yadda dillanci ya taɓa haɗa ni da su, kuma na ga abin da ke faruwa da rarar kuɗinsu. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, amma ga mutum da miliyoyi kwance a asusun da ba ya haifar da komai, saboda yana gudun kuɗin ruwa, kuma gudun nan nasa abin girmamawa ne. In ya motsa, ko dai ya sayi fili a bayan gari, ko ya je Wapa ya canza zuwa dala ya ajiye. Matasa kuma, waɗanda ba su da kuɗin fili, su ne abincin 'yan damfara. An yi MMM a 2016 mutane suka yi kuka, a watan Afrilun 2025 kuma CBEX ta rufe da dukiyar jama'a. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin waɗanda abin ya shafa ba malalata ba ne, mutane ne da suka ga kuɗinsu na narkewa suka nemi mafita, ba su kuwa sami wanda zai zauna ya yi musu bayani da Hausa a kan halastacciyar hanya ba.

Ban yarda da masu cewa Bakano bai fahimci zuba jari ba. Tsarin da ubangida ke ba yaronsa jari ya tafi fatauci a raba riba ya girmi kasuwar hannun jari ta Legas, wadda aka kafa a 1960, nesa ba kusa ba. Da irinsa su Alhassan Dantata suka gina kasuwancin goro da gyaɗa, kuma malamai sun san shi a babin ƙiradi na littattafan fiƙihu. Abin da Bakano ba ya yi shi ne miƙa dukiyarsa ga wanda bai san gidansu ba, bai san halinsa ba, bai kuma ga shagonsa ba. Hannun jari kuwa wannan ainihin abin yake nema daga gare shi. Saboda haka aikin mai ba da shawara a garin nan shi ne ya cike wannan giɓi, ya zama idon da ya leƙa sito a madadin mai kuɗi, kuma a nan ne shekarun da na yi a Sharaɗa suka zama jarina mafi tsada.

Dawowar ba ta zo da sauƙi ba, kuma ya kamata duk mai niyyar irin wannan komawa ya san haka. Kasuwar da na bari ba ita na tarar ba. A 2021 ta sauya daga ƙungiyar dillalai ta koma kamfani mai suna NGX. Takardun shaidar hannun jari da muke kaiwa wurin masu rajista sun koma lambobi a asusun CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannayen jari, rabon riba yana faɗawa asusun banki kai tsaye, saye da sayarwa kuma a waya ake yi, har ɗalibin jami'a yana iya sayen hannun jari yana zaune a ɗakin kwanansa. An kuma sa hannu a sabuwar dokar zuba jari a 2025, wadda ta ƙara wa hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar ƙarfi, ta kuma tanadi hukunci mai tsanani ga masu tsarin damfara. Sai da na sabunta rajistata, na koma karatu, na kuma karɓi muƙamin da bai kai wanda na bari ba. Masu ɗaukar aiki sukan kalli shekarun da mutum ya yi a kamfani kamar lokacin da ya yi nesa da kasuwa, kuma hanyar da na ga tana gamsar da su ita ce a ɗauki rahoton wani kamfani a gabansu a nuna musu abin da idon wanda ya zauna a ciki yake gani.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne hanyoyin zuba jari da babu kuɗin ruwa a cikinsu sun yawaita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, daga baya TAJ da Lotus suka biyo. A watan Satumbar 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, aka zuba kuɗin a ayyukan tituna 25, kuma an ci gaba da fitar da wasu bayansa. Tsarinsa na ijara ne: masu zuba kuɗi su ne suka mallaki aikin titin, gwamnati tana biyansu haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta saye shi ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Ma'aikaci mai asusun fansho ma tun 2021 yana iya neman a mayar da kuɗinsa rukuni na shida, wanda ba a zuba shi a harkar ruwa. A hannayen jari kuma akwai tantancewa ta shari'a, inda ake duba sana'ar kamfani da farko, a fitar da masu giya da caca da bankunan ruwa, sannan a duba yawan bashin ruwan da ke kansa, a kuma ware ɗan abin da ya gauraya da ribarsa a bayar da shi sadaka. Idan na zauna da ɗan kasuwa na bi masa waɗannan dalla-dalla, nakan ce ya kai wa malaminsa ya ji ta bakinsa kafin ya sa ko kwabo, domin natsuwar zuciyarsa tana cikin abin da nake nema masa.

Yadda nake karanta rahoton kamfani ma ya sauya. A da shafin riba nake fara buɗewa. Yanzu daga tsabar kuɗin da sana'ar ta shigo da shi nake farawa, sannan in duba ko bashin da kamfanin ke bin diloli yana girma fiye da cinikinsa, domin na san yadda ake tura wa dila kayan da bai nema ba a ƙarshen shekara don lissafi ya yi kyau. Ina duba kayan da ke ajiye in tambayi ko dabara ce ta sayen kaka ko kuwa kaya ne suka ƙi fita. Ina neman bashin dala a can cikin ƙananan bayanan ƙarshen rahoto, inda mutane ba su cika kaiwa ba. Wanda ya karanta waɗannan shafuka kafin Yunin 2023 bai yi mamaki ba da MTN Najeriya ta bayyana asarar naira biliyan 137 a wannan shekara alhali cinikinta ƙaruwa ya yi, haka ma Nestle da wasu manyan kamfanonin kayan masarufi. Ina kuma duba hulɗar kamfani da sauran kamfanonin mai shi, saboda ta nan ne haƙƙin ƙananan masu hannun jari ya fi saurin zurarewa. Da bankuna suka dawo kasuwa neman kuɗi bayan Babban Banki ya ɗaga jarinsu a watan Maris na 2024, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa da biliyan 200 ga na cikin gida, dattawan da suka ƙone a 2008 sun yi ta tambayata ko tarihi ne zai maimaita kansa. Amsar da nake ba su ita ce kada wanda ya ci bashi don ya saya, kada kuma wanda ya sa kuɗin da zai buƙata kafin shekara ta zagayo.

Akwai wani buri da na taho da shi daga masana'anta. Manyan kamfanonin da 'yan asalin Kano suka kafa suna cikin ginshiƙan kasuwar: Dangote Cement ya shiga a 2010, BUA Cement a 2020, BUA Foods a 2022. Amma matsakaitan masana'antun da ke cikin garin kansa, masu shinkafa da mai da roba da fata, kusan dukkansu na iyali ne, kuma da rancen banki mai gajeren wa'adi suke gina abin da ba zai dawo da kuɗinsa ba sai bayan shekaru. Da yawa daga gine-ginen da suka zama kango a Bompai da Sharaɗa rashin wutar lantarki da shigo da kayan waje ne suka kashe su, wasu kuwa rasuwar mai su ce, domin da aka zo rabon gado babu hanyar raba inji sai a sayar da shi. Da a ce kamfanin a rarrabe yake hannu-hannu a rubuce, da kowane magaji ya karɓi kasonsa yadda shari'a ta yanka, mai son kuɗi ya sayar da nasa, injin kuma ya ci gaba da juyawa, ma'aikata ba su rasa abincinsu ba. Kasuwar ta buɗe wani rukuni na musamman domin ƙanana da matsakaitan kamfanoni a 2020, amma kafin a kai can akwai aikin gida: a raba aljihun mai gida da asusun kamfani, a kawo odita na waje, a kafa kwamitin daraktoci da zai iya cewa a'a, a kuma daure wa bayyana abin da aka saba rufewa.

Na yi wannan magana da tsohon ubangidana lokacin da na je yi masa sallama, na kuma sake tayar da ita da na kai masa ziyara bayan na fara sabon aiki. Bai amince da sayar wa baƙi hannun jari ba, kuma na fahimci dalilinsa, domin kamfanin nan da guminsa ya gina shi tun yana sayar da mai a gwangwani. Amma ya yarda a yanka masa albashi kamar kowane ma'aikaci, a daina biyan cefanen gida da kuɗin makarantar jikoki daga asusun kamfani, ya kuma sa lauya ya rubuta kason kowane ɗa da 'ya. Babban ɗansa ne yanzu ke zama da oditocin, kuma shi ya kira ni kwanan baya yana tambayar yadda kamfani ke fitar da sukuk nasa na kansa domin sayen waken kaka mai zuwa ba tare da rancen ruwa ba. Na gaya masa cewa masu zuba kuɗi za su fara neman rahoton odita na shekaru a jere da kuma sakamakon kamfanin auna cancantar bashi, mun kuma tsayar da ranar da zan je Sharaɗa mu duba littattafan tare.